Ammu Bayyumi Bisa Wuƙa

Kwana arba'in da ɗaya da rasuwar mahaifina, ƙanensa Ammu Bayyumi ya hawo benenmu yana haki, ya zauna a kujerar da ba wanda ya ƙara zama a kanta, ya ce, "Hazim, miƙo min makullin ɗakin ƙasa. Daga yau na shiga harkar ilimi."

Shekara talatin Ammu Bayyumi yana tallan kankana a keken jaki a unguwarmu da ke garin Damanhur na ƙasar Masar. Shekara talatin ɗin nan kuma mahaifina, Ustaz Lutfi, yana koyar da Turanci a ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakala. Abin da ya yi suna a kai shi ne gyaran jimla, sashen nan na jarrabawar da yara ke zaunawa in suna neman gurbi a jami'o'in waje: a ba ka jimla an ja layi a ƙarƙashin wani yanki nata, a jera maka amsa biyar, a ce ka zaɓi mai lafiya. Ni ban kai nan ba. Tun ina aji uku na gudu daga makaranta na koma gidan burodi, kuma Baba bai taɓa yi min gori ba. Da ma ya yi, da ya fi min sauƙi.

Na ce, "Ammu, ka iya Turanci ne?"

"Turanci!" Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Wa ya gaya maka da Turanci ake cin jarrabawar Turanci? Ubanka, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma akwai wahalar da kai. A karanta, a sake karantawa, a yi ta tsefe magana kamar mai neman ƙwarƙwata. Yaro, jimla kankana ce. Ka taɓa ganin na shiga cikin kankana kafin in san ja ce? Ƙwanƙwasawa ake yi, a saurara."

Ƙanwata Nirmin, wadda ita ma jarrabawar take jira, ta leƙo daga kicin. "Ammu, to in jimlar ta fashe a hannunka fa?"

"Ke, koma ki duba wakenki. Ana maganar manya."

Na san bai kamata in ba shi ba. Amma tun da na yi wayo, kullum da la'asar muryoyin ɗalibai suke tasowa ta ƙasan ɗakinmu, ƙasa-ƙasa kamar kukan tattabaru, muryar Baba tana bi ta tsakaninsu. Kwana arba'in ɗakin ya yi shiru, shirun kuma yana hawowa matakala ya zauna tare da mu a kan tabarmar cin abinci. Ni dai so nake in ƙara jin motsi a ƙasa, ko da na wane ne. Na miƙa masa makullin.

A garinmu malamin darasi bai cika malami ba sai kirarinsa ya hau bango. Akwai Sarkin Lissafi, akwai Guguwar Tarihi, akwai wani a bayan tasha da ke kiran kansa Fir'aunan Kimiyya. Ammu ya ce bango na ƙananan malamai ne. Ya sa aka buga masa ƙyalle mai faɗin titi, ya ɗaure gefe ɗaya a barandarmu, ɗayan a barandar da ke kallonmu. A dama hoton Baba, a hagu nasa, ya ɗaura laktaye ya maƙala tabarau na aro marar gilashi. A tsakiya an rubuta da jan fenti: ZAKIN GYARAN JIMLA, MAGAJIN USTAZ LUTFI.

Barandar da ke kallonmu ta Umm Sabri ce, tsohuwa mai kiwon agwagi a saman bene, wadda bakinta ya fi almakashi kaifi. Ta fito ta dubi igiyar, ta dubi hoton.

"Bayyumi! Wa ya ba ka izinin ɗaura min wannan fuskar a gaban taga? Agwagina sun daina ƙwai tun safe."

"Ki ce Dakta Bayyumi, ya Hajja."

"Dakta? Wace jami'a ta ba ka, ta jakuna?"

"Jami'ar rayuwa!"

"To ka koma ka ce su maida maka kuɗinka."

Washegari ya ɗora amsa-kuwwarsa a keken jaki ya shiga zagayen talla. Ya naɗi sabuwar sanarwa a kan tsohuwar, sai dai tsohuwar ba ta mutu duka ba. Amsa-kuwwar takan fara da murya mai nauyi, "Gyaran jimla cikin kwana bakwai, tare da Dakta Bayyumi," sai ta yi tari, tsohuwar muryarsa ta ɓarke: "Ja ce! Zuma ce! Bisa wuƙa!"

Nan da nan kwanduna suka fara saukowa da igiya daga kowace baranda, mata na jiran kankana. Ammu ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana zuba takardun talla. Kwando ɗaya ya dawo masa da ɓawon dankali. Wani ya dawo da takardar an naɗe ƙashin kifi a ciki.

A gaban shagon shayin Mu'allim Dusuƙi, inda mazan unguwa ke buga dara, Umm Sabri ta tare jakin.

"Kowa ya ji, ko? Bisa wuƙa ya ce."

"Ba ni na ce ba, na'ura ce."

"Muryar wa ke ciki, ta jakin?"

Kowa a nan ya san abin da bisa wuƙa ke nufi. Mai kankana ya zaɓa da kansa, a tsaga ta a gaban jama'a. In ta fito ja, mai saye ya ɗauka. In ta fito fara, mai kaya ya rungumi abinsa, ba gardama, ba rantsuwa. Ammu ya dubi masu dara, ya ga duk sun ajiye 'ya'yan dararsu suna kallonsa. Ya gyara tabarau marar gilashi.

"To bisa wuƙar! Ku kawo wuƙarku. Ilimina ja ne har ɓawo."

Mu'allim Dusuƙi ya buga tebur. "Juma'a ta sama, bayan an sauko. Tambaya goma sha biyar daga littafin marigayi, daga jarrabawar ƙarshe da bai kai ga ba yara ba. Ustaz Girgis ne alƙali. In ta fito fara, ƙyalle ya sauko, makulli ya koma hannun ɗan marigayi."

Ustaz Girgis abokin Baba ne tun suna koyarwa a makaranta ɗaya. Ya ɗaga kai daga shayinsa ya ce, "Na yarda, saboda Lutfi." Na ɗaga kai ni ma, na ga fuskar Baba tana lilo a iska a saman titi. Ko ja ko fara, a ƙarƙashin wannan fuskar za a tsaga ta.

Ɗalibai tara suka zo ranar farko, sunan Baba ya kawo su. Na tsaya a bakin ƙofa da garin fulawa a gashina. Ammu ya raba takardu ya naɗe hannun riga.

"Doka ta farko: ba a karantawa. Karatu ɓata lokaci ne. Ƙwanƙwasa kowace amsa da yatsa, ka kara kunne."

Yara tara suka kifa kunnuwa a kan takarda suna ƙwanƙwasawa. Ɗakin ya koma kamar shagon kafinta.

"Zaglul, ɗan mahauci, me ka ji?"

"Na ji tebur, ya Dakta."

"Tebur! Ubanka ya toshe maka kunne da kitse. Sake!"

"Yanzu na ji cikina."

"Wannan ita ce amsar tana motsi. Doka ta biyu: kada ka taɓa ɗaukar ta gaba. Mai kaya ba ya sa ta kirki a gaba, ni na san mu. Doka ta uku: ƙarama ta fi zaƙi. Mafi gajarta ita ce daidai."

Ya zaro zare daga aljihu ya shiga auna amsoshi. A tambaya ta huɗu biyu suka zo daidai wa daida. Ammu bai damu ba. Ya sa almakashi ya yanke su, ya aika aka shigo da sikelin kankana, ya ɗora ɗaya a kowane faranti. Sikelin da ya saba da kilo goma bai ko motsa ba. Fanka ta juyo ta kwashe 'yan takardun ta fitar da su ta taga, jakin da ke ɗaure a waje ya miƙa wuya ya lashe ɗaya.

Ammu ya ce, "Kun gani? Ko dabba ta san mai zaƙi. Ku rubuta wadda ya ci."

"Wacce ya ci, ya Dakta?"

"Ka je ka tambaye shi."

Nirmin, da ke zaune a bencin baya, ta miƙe. "Ammu, Baba ba haka yake yi ba. Cewa yake a karanta jimlar har ƙarshe tukuna. Sannan a rufe surutun tsakiya da yatsa, a ga wa ke aikin, a ga ko aikin ya dace da shi. Amsoshin da ciwonsu ɗaya a zubar da su tare. Wadda ta rage a maida ta cikin jimlar a sake karantawa. Kuma ta gaba ma, mai maimaita yankin yadda yake, takan zama daidai, wani lokacin jimlar lafiyarta ƙalau."

"Kin gama? Wannan duk kafin ki gama an rufe kasuwa. Fita min daga aji, ba na son 'yan adawa."

Rana ta biyu yara bakwai suka zo. Ranar ya koya musu sansana takarda. Rana ta uku uban wata yarinya ya zo da kansa ya tambaya me ya sa 'yarsa ke ƙwanƙwasa Alƙur'anin gida tana kara kunne. Kafin Laraba saura Zaglul kaɗai, shi ma don fankar ɗakin ta fi ta gidansu.

Ranar Alhamis da azahar na dawo daga gidan burodi na tarar da ƙofar ɗakin a sakaye. Ammu na ciki shi kaɗai, ya buɗe babban littafin Baba a shafin jarrabawar ƙarshe. A ƙasan shafin Baba ya jera amsoshi goma sha biyar da fensir, da haruffan Turanci, harafi bayan harafi, a layi ɗaya. Ammu ya zage hannun riga yana kwafe su a damtsensa da biro, harshe a waje.

"Ammu!"

Ya zabura, sannan ya murtuke. "Rufe ƙofa. Ba don kaina nake yi ba. In na faɗi gobe, hoton wa zai faɗi tare da ni? Kana so a yi wa ubanka dariya a gaban shagon Dusuƙi?"

Bai san sunan haruffan ba, sai ya raɗa musu nasa. Na farko tanti, na biyu mai tumbi biyu, na uku jinjirin wata, na huɗu rabin kankana, na biyar matsefi. Yana kwafa yana rerawa: "Matsefi, tanti, rabin kankana, rabin kankana, jinjirin wata..."

Na matso. Ɗan karatun da na yi ya isa in ga abin da yake yi. Daga dama ya faro, kamar yadda muke karanta namu rubutun. Amsar tambaya ta sha biyar ita ce ta ɗaya a damtsensa.

Na buɗe baki zan gaya masa. Sai idona ya sauka a gefen shafin, inda Baba kan yi 'yan rubuce-rubucensa da Larabci, ƙanana kamar sawun tururuwa. "Zaglul na gaggawa, a sa shi ya karanta sau biyu." A ƙasa: "Nirmin ta fi ni kunne, kar a gaya mata tukuna." A can ƙasa kuma, da fensirin da ya kusa ƙarewa: "Hazim ya tsaya a bakin ƙofa yau, ya daɗe. Ban kira shi ba, kar ya gudu."

Na tsaya ina kallon layin har ya fara rawa. Mutumin da ya rubuta wannan bai taɓa miƙa wa yaro amsa a ɓoye ba, ko ɗan wa ne.

Ammu ya ce, "Me kake kallo? Akwai kuskure?"

Na ce, "Rubutunka ya yi kyau, Ammu." Na fita.

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, titi ya cika. Mu'allim Dusuƙi ya fito da duk kujerunsa, har da masu ƙafa uku. Mata suka jeru a baranda. Ammu ya iso a keken jaki, amsa-kuwwa na ihun "Ja ce! Zuma ce!", a bayansa ƙatuwar kankana da ya zaɓo da hannunsa don walimar nasara, da wuƙarta a gefe. Zafi kamar bakin tanda, amma ya sa kwat mai dogon hannu.

Sai ga Umm Sabri da agwagwa a hammata da 'yan faranti biyar na masara.

"Wannan fa, ya Hajja?"

"Ɗaliba ce. Ita ma ba ta iya Turanci ba, na ga ba laifi ta gwada. Farantin da ta fara tsattsaga shi ne amsarta."

"Wannan cin mutuncin ilimi ne!"

"Kai ka fara, ita bin sahu take."

Ustaz Girgis ya sa tabaransa na gaske, ya buɗe littafin Baba, ya shafa shafin da tafin hannu kafin ya fara. Ya karanta tambaya ta ɗaya. Nirmin tana tsaye kusa da ni da 'yar takarda a tafin hannunta, ba wanda ya kula da ita.

Ammu ya karɓi littafin, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya lumshe ido, ya yi kamar yana sosa damtse ya leƙa cikin hannun riga.

"Matsefi!"

"Wato na biyar," in ji Ustaz Girgis. "Ba daidai ba."

"Ɗumama jiki nake yi."

Agwagwa ta tsattsagi faranti na uku. "Daidai," in ji Ustaz Girgis. Baranda ta ɗauki guɗa.

Ta biyu: tanti. Ba daidai ba. Ta uku: rabin kankana. Ba daidai ba. Ammu ya ce hayaniyar mutane ce ke hana shi jin sautin. Aka yi tsit har ana jin tafasar butar shayi. Ta huɗu, ba daidai ba. Ya ce shirun ya yi yawa. A ta biyar ya ce littafin ya sha zafi, a yi masa fifita. Zaglul ya yi wa littafi fifita da murfin tukunya. Ba daidai ba. A ta shida ya zargi alƙali.

"Ya Ustaz Girgis, ka tabbata idonka na gani? Shekaru fa sun ja."

"Idona na gani, Bayyumi. Har damtsenka yake gani."

"Ƙaiƙayi ne!"

Mu'allim Dusuƙi ya ce, "Ku bar shi ya sosa. In da ƙaiƙayin na taimako, da mun gani."

Ta bakwai ta wuce kamar 'yan uwanta. A ta takwas, wadda ke tsakiyar layi ko ta ina ka faro, Ammu ya ce da muryar da ta fara dushewa, "Mai tumbi biyu."

Ustaz Girgis ya duba sau biyu. "Daidai."

Ammu ya yi tsalle ya haye kujera. "Kun gani! Kun gani, maƙiya! Injin ya tashi! Umm Sabri, je ki yanka ɗalibarki!" Kujerar mai ƙafa uku ce. Ta kife da shi cikin farantan masara, agwagwa ta bi shi da tsattsaga a kunne. Aka ɗaga shi, aka kakkaɓe shi, ya ce da gangan ya yi don ya wartsake.

Daga ta tara har ta sha biyar bai ƙara samun ko ɗaya ba.

Ustaz Girgis ya rufe littafin. "Agwagwa, huɗu. Dakta Bayyumi, ɗaya." Sai ya hango takardar hannun Nirmin. "'Yar Lutfi, kawo in gani." Ya bi ta da yatsa, a hankali, sannan ya cire tabarau ya goge su da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. "Goma sha huɗu. Wadda kika rasa ma, ni da ubanki sai da muka yi gardama a kanta."

Umm Sabri ta ce, "Fara ce, Bayyumi. Rungumi abinka."

Ammu ya miƙe da masara a gashinsa. "To, ilimi ya yi gardama yau. Amma ku zo nan, a fagena! Wannan kankanar ni na zaɓo ta da kunnen nan. In ba ja ba ce ku aske min gashin baki." Ya ƙwanƙwasa ta, ya kara kunne, ya yi bisimilla, ya luma wuƙa.

Ta rabe biyu, fara tas kamar cikin kabeji.

Dariyar da aka yi sai da tattabaru suka tashi daga rufin masallaci. Mu'allim Dusuƙi ya aika a kira wanzami. Ammu kuwa ya ja da baya. Ya zauna a gefen keken, rabin kankana a cinya, yana kallonta kamar wasiƙar da ba zai iya karantawa ba.

Ya ce, ba da ƙarfi ba, "Lutfi ne ke zaɓa min."

Ya shafa ɓawon kankanar, ya ci gaba.

"Kullum kafin ya tafi makaranta sai ya raka ni kasuwa. Ya juya kowacce, ya dubi gindinta inda ta kwanta a ƙasa, ya dubi karan ko ya bushe, ya ɗaga ya ji nauyi. Ni kuwa in zo unguwa in yi ta ƙwanƙwasawa. Shekara talatin bai gaya wa kowa ba. Tun da ya tafi ban sayar da ja ko ɗaya ba." Ya share hanci da laktaye. "Me kuke so in yi, in zauna ina kallon jaki?"

Umm Sabri ta gyara riƙon agwagwarta. Ta ce, "Da ka tambaye ni, sakarai. Ni ma na iya duba gindin kankana. Gobe ka zo ka ɗauke ni a keken, amma wallahi ka kunna na'urar nan sai na jefa ta a kwata."

Na karɓi wuƙar daga hannunsa, na hau barandarmu. Na jawo ƙyallen na tsaga shi daga sama har ƙasa, daidai tsakanin fuskokin biyu. Rabin Ammu ya faɗa kan jakin ya lulluɓe shi, jakin ya zama Zakin Gyaran Jimla, ya kuma tsaya da kyau kamar ya san an naɗa shi. Rabin Baba na ninke shi huɗu na kai ɗaki.

Ranar Asabar da la'asar Nirmin ta buɗe ɗakin ƙasa don ta yi bitarta. Zaglul ya zo, ya ce fanka ya biyo. Yarinyar nan mai ƙwanƙwasa Alƙur'ani ta zo da ubanta, ya tsaya har ya ga an fara karatu da ido, sannan ya tafi. Kafin mako ya zagayo sun koma tara. Ammu kuwa yana can shagon Dusuƙi, da rabin gashin baki, yana gaya wa duk mai saurare cewa shi ya shirya komai don ya fito da baiwar Nirmin, kuma agwagwar ma satar amsa ta yi.

Ni na dawo daga gidan burodi na tsaya a bakin ƙofa, kamar kullum. Muryoyin na tashi ƙasa-ƙasa. Nirmin ta ce, "Ku karanta har ƙarshe tukuna," da irin saukar muryar da na sani. Ta gan ni. Ba ta kira ni ba.

Na kakkaɓe fulawar rigata, na shiga, na ce wa Zaglul ya matsa.